Kwana biyu a gindin duwatsun Taka: yadda iyalan Fashaga ke neman hutu bayan yankan riɗi

Duk shekara, da zarar an yanke riɗi an kakkaɓe, an ɗura a buhu, motoci sun kwashe zuwa kasuwar amfanin gona ta Gadarif, sai wata magana ta taso a gidajen Hausawan Fashaga: bana za a fita da yara shan iska, ko a bari sai baɗi? A da, fitar ba ta wuce zuwa gaida dangi a Shuwak ko Gadarif. Yanzu kuwa waya ta ƙaro wa maganar gishiri. Ɗan'uwa da ke aiki a Saudiyya zai turo bidiyo ta WhatsApp, a ga katafaren masaukin shaƙatawa a tsakiyar hamada, tantuna masu na'urar sanyaya ɗaki, wurin ninƙaya a gindin tudun rairayi, raƙuma an yi musu kwalliya suna jiran baƙi. Yara su kalla, su juyo su dubi Baba.

Gaskiyar magana, babu irin wannan masauki a Fashaga. Ƙasarmu baƙar laka ce ta noma, wadda ke tsagewa da rani ta kuma riƙe tayar mota da damina. Amma hamada ba ta da nisa da mu, kuma gabashin Sudan na da wurin da iyalai suka daɗe suna zuwa hutu tun kafin a san wayar hannu. Wurin shi ne Kasala.

Gajiyar da ta taru

Mai karatu da bai san Fashaga ba zai iya cewa mene ne abin rubutu a fita shan iska. Sai ya dubi shekarar manomin nan. Daga watan Yuni ake shiga shuka, Yuli da Agusta a sha noma cikin taɓo, ƙauyuka da dama su yanke daga kwalta har sai ruwa ya ɗauke. Riɗi kuma ba ya jiran kowa. Idan ya nuna a wajen Oktoba aka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwanson ya buɗe, ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar shekara ta tafi a banza. Ana gama da shi dawa ta taso. Masu gonakin bakin kogin Atbara da Sitit kuwa, da masunta, ba su san wani abu wai shi ƙarshen aiki ba.

Ga kuma zaman iyaka. Takaddamar Fashaga tsakanin Sudan da Habasha ta samo asali tun yarjejeniyar 1902 da shata iyakar da Baturen Ingila Manjo Gwynn ya yi a 1903. Shekara da shekaru manoma na girbi da ido ɗaya a gona, ɗaya a daji saboda 'yan shifta. A ƙarshen 2020 sojojin Sudan suka karɓe mafi yawan filayen, a daidai lokacin da dubban 'yan gudun hijirar Tigray ke tsallakowa ta Hamdayit. Ba a gama da wannan ba sai yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023. Da Madani ta faɗi a Disamban shekarar, jihar Gadarif ta cika da jama'a, gidan da ke da mutum 10 ya wayi gari da ninkin haka. Akwai yaran da suka yi wayo ba su san komai ba sai labarin gudu da tsadar gero. Don haka idan uwargida ta ce a fitar da yaran nan su ga wani abu daban, ba ta faɗi abin wasa ba.

Masaukin hamada na gaske yana ina?

Abin da ya fi kama da wanda ake gani a bidiyo shi ne sansanin tantunan baƙi da wani kamfanin Italiya ya kafa daura da dalar Bajrawiyya, kimanin kilomita 200 arewa maso gabashin Khartum, kusa da Shandi. A can ne kaburburan sarakunan daular Kush suke, dala kusan 200 a cikin jan rairayi, wasu an rushe musu kai tun 1834 lokacin da wani ɗan Italiya mai suna Ferlini ya zo haƙar zinariya. Hukumar UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 2011, tare da Naga'a da Musawwarat. Wani abin sha'awa, filin Butana da waɗannan wurare ke gefensa na yamma shi ne dai wanda ya miƙo har bakin kogin Atbara a wajenmu. Ƙasa ɗaya ce, mu muna wannan baki, dala na wancan.

Sai dai tun asali an yi sansanin ne don Turawa masu yawon buɗe ido, da farashin da ba na manomi ba. Yaƙi kuma ya tsayar da wannan harka cak. Ko da a ce komai lafiya, daga Shuwak zuwa Bajrawiyya tafiya ce da za ta cinye hutun tun ba a isa ba. Haka ma Arkawit, tsohon wurin shan iskan Turawan mulkin mallaka a kan tsaunukan Bahar Maliya. Wuri ne mai sanyi da hazo, amma ya yi wa mai kwana biyu nisa. Kowa ya san tsawon bargonsa, shi ya sa ido ke komawa Kasala.

Hanya

Daga Shuwak, hedikwatar ƙaramar hukumar Fashaga, zuwa Kasala kimanin kilomita 150 ne a kan babbar kwaltar da ta taso daga Khartum ta bi Madani da Gadarif ta nufi Bur Sudan. Wanda ya fito daga ƙauyen ciki sai ya fara hawa boksi ko lori zuwa bakin kwalta, sannan ya nemi hafla. Gidan da ke da yawa ya fi sauƙi su yi shatar mota guda, musamman idan gida biyu suka haɗa kuɗi.

Tafiyar kanta darasi ce ga yara. Za su ga baƙar ƙasa na sauya launi, karan dawa na raguwa, ƙaya da fili na ƙaruwa, garken raƙuman Shukriyya da Rashayida na ratsa hanya. A Khashm al-Girba akwai madatsar ruwan da aka kammala a 1964, wadda ke shayar da gonakin Sabuwar Halfa, inda aka tsugunar da Nubawan Wadi Halfa da ruwan madatsar Aswan ya cinye garinsu. Iyalan da su ma aka tashe su saboda madatsar Atbara da Sitit sun san ɗacin wannan labari ba sai an fassara musu ba. Bayan an tsallake kogi, can sai duwatsu su ɓullo daga shimfiɗaɗɗen fili, sulɓaɓɓu masu zagayayyen kai kamar an kifa tukwane: Taka, Totil, Awitila, ga Mukram can gefe shi kaɗai.

Dattawa na da nasu dalilin son wannan hanya. Ta nan kakanni da yawa suka bi da ƙafa da jakuna suna neman Sawakin ko Musawwa don tsallakawa Makka. Wasu sun taso ne bayan faɗuwar Sakkwato da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, hijirar da ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nil. Wasu guzuri ya ƙare musu suka tsaya noma, tsayuwar da ta zama zama. Shi ya sa da wuya Bahaushen Fashaga ya rasa ɗan'uwa a unguwannin yammacin Gash.

Juma'a: Khatmiyya da rijiyar Totil

Wanda ya yi sammako zai isa da hantsi, ya ajiye kaya, ya samu Juma'a. Mutane da yawa kan zaɓi Khatmiyya, tsohuwar unguwar da ke manne da gindin dutse. Nan ne cibiyar ɗariƙar Khatmiyya da Sayyid Muhammad Usman al-Mirghani ya kafa, nan kuma kabarin ɗansa Sayyid Hasan yake, wanda ya rasu a 1869. Masallacin na jan bulo ne, ginshiƙansa a jere babu rufi tun ɓarnar zamanin Mahadiyya, ƙubbar ma a buɗe take ta sama. Mutanen wurin na cewa ruwan sama ba ya sauka ta wannan kafa. Ko mutum ɗan ɗariƙa ne ko ba shi ba, tsayuwa a cikin ginshiƙan nan da dutse a bayansu abu ne da yaro ba zai manta ba.

Garin kansa ya ga sarauta iri-iri. Turkawan Masar suka kafa shi sansanin soja a 1840, Ansar na Mahadi suka ci shi a 1885, Italiya ta karɓe a 1894 ta mayar a 1897, ta sake shigowa a Yulin 1940 aka fitar da ita a Janairun 1941. Ɗan makarantar da ya haddace waɗannan shekaru don jarrabawa zai ga inda abin ya faru da idonsa.

Da la'asar sai a hau Totil. An yi matakala a jikin dutse, an kakkafa rumfunan gahawa a tsakanin manyan duwatsu, an shafa musu fenti kala-kala. A nan rijiyar Totil take, wadda ake cewa duk wanda ya sha ruwanta sai ya dawo Kasala. Shekaru da dama nan ne matattarar angwaye da amare daga ko'ina a Sudan, za ka gan su da jan lalle a hannu suna ɗaukar hoto. Ana kawo jabana a tukunyarta ta yumɓu, da citta a ciki, da 'yan finjalai, da gugguru, da turaren wuta na tashi. Birai kan sauko neman abin da yara suka riƙe, don haka a kula da ƙanana. Idan rana ta doshi faɗuwa, garin gaba ɗaya na shimfiɗe a ƙasa, koren lambuna ya raba shi da farin fili. A nan ne akasari hayaniyar yara ke tsayawa da kanta.

Abincin dare ba sai an yi dogon tunani ba. Akwai salat, naman da Beja ke gasawa a kan duwatsu masu zafi da aka jera bisa garwashi. Akwai kuma agashe, wanda duk Sudan ta san daga hannun wa ya fito, tunda sunan ma namu ne.

Masauki, da maganar takardu

Nan ne lissafi ke canzawa. Kasala gari ne na ƙananan otal da lakwanda, da gidajen haya masu kayan ɗaki. Tun da yaƙi ya koro jama'a gabas, ɗakuna suka yi wuya, haya ta yi tsada. Kada iyali su taso da yara ba su tabbatar da wurin kwana ta waya ba. A tambayi ruwa, a tambayi wuta, a tambaya ko akwai janareta ko sola, domin ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne.

Yawancin mutanenmu gidan dangi suke sauka, kuma hakan na da daɗinsa. Amma a tuna cewa gidan Kawu ko Goggo da ake shirin sauka wataƙila yana ɗauke da 'yan gudun hijira tun 2023. Baƙon kirki a wannan zamani shi ne wanda ya zo da rabin buhun dawa, da man riɗi, da busasshen kifi, ya kuma faɗi ranar tafiyarsa tun ranar zuwa.

Sai takardu. Tsakanin Shuwak da Kasala akwai shingayen bincike, kuma ana tambayar lambar ɗan ƙasa, wato raƙam waɗani. Kowane baligi ya riƙe tasa, yara a ɗauko takardar haihuwarsu. Otal kan nemi ƙasima, takardar shaidar aure, kafin a ba mace da namiji ɗaki guda, alhali aure da yawa a ƙauye an ɗaura shi ne a gaban liman da shaidu ba tare da an je wurin ma'azun ba. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a tsayar da dattijo da matarsa ta shekara 20 a gaban 'ya'yansu ana neman hujja. Wannan batu ya fi yi wa Bahaushe nauyi, domin an daɗe ana yi masa tambayar asali a ƙasar da aka haifi kakansa. Ba a manta rikicin jihar Shuɗin Nil na Yulin 2022 ba, da zanga-zangar da ta biyo baya a Kasala da Gadarif. Bayan ɓarkewar yaƙi kuma masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kokawa kan kama mutane a jihohin gabas da arewa bisa zargin baƙuwar fuska. Takarda a aljihu tana rage dogon bayani.

A kuma bincika halin tsaro da dokar hana yawon dare kafin a tashi. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari filin jirgin Kasala da Bur Sudan. Kada yaro ya ɗaga waya yana hoto kusa da gada, bariki ko shinge.

Asabar: lambuna da kasuwa

Safiyar Asabar ta Sawagi ce, lambunan da ke bin gaɓar Gash ta kudu da arewa. Gash kogi ne na damina da ke gangarowa daga Iritiriya, inda ake kiransa Mareb. Yana gudu kamar daga Yuli zuwa Satumba, wani lokaci da haukan da ke cin gari kamar yadda ya yi a 2003, sannan ya bushe ya bar faffaɗan yashi. Ruwan da ya nutse ƙasa shi rijiyoyi ke jawowa a shayar da mangwaro, gwaiba, ayaba, lemo da albasa. Manomin Fashaga da ya saba jiran sama zai samu abin dubawa a nan, yadda ake raba ruwa kwali-kwali da yadda ake dashe. Yara kuwa ga yashin da suke ta nema a bidiyo, su yi ta gudu a cikin busasshen kogi har su gaji.

Daga nan sai kasuwa. Hadandawa da takubbansu da tulin gashi, Bani Amir, Halanga, matan Rashayida da lulluɓinsu mai ado da azurfa, ga 'yan Iritiriya da Habasha. Tsarabar da ta fi tafiya ita ce tukunyar jabana, gahawa, citta, turare da kwandon 'ya'yan itace. A yi azahar, a kama hanya. Bai kamata dare ya riski iyali a kan wannan kwalta ba, ga manyan motocin dakon kaya daga tashar jiragen ruwa, ga dabbobi na tsallakawa. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru a mazhabar Malikiyya, zaman kuma bai kai kwana 4 ba, don haka matafiyi na da sauƙin da addini ya ba shi.

Lissafin aljihu, da tambayar wa ya huta

A gidaje da yawa gardamar iri ɗaya ce. Maigida na duban bashin shail da ya ci da damina, wanda zai biya da amfanin gona a farashin da mai kuɗi ya yanka tun kafin girbi. Yana duban kuɗin leburori, da gas ɗin tarakta, da irin baɗi, da darajar fam da ke narkewa kullum. Uwargida na duban yaran da suka shekara tsakanin gona da gida. Kowa da gaskiyarsa. Abin da masu dabara ke yi shi ne su ware kuɗin tafiya bayan an biya bashi an ajiye abincin shekara, ko mata su yi sanduƙ, wato adashi, tun damina da sunan wannan fita. Hutun da aka ci bashi aka yi, ciwon kai ne aka saya. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan ko da akwai Bankak a waya, domin ranar da intanet ta ɗauke, mai shayi ba ta san uzuri ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa ana cewa an je hutu, alhali Inna ta tashi tun asuba ta yi kisra da miya, ta ɗaure kaya, ta goya ƙarami, ta isa gidan dangi ta zarce madafa. Ta sauya murhu ne kawai. Idan har za a kashe kuɗin mota, a ƙara na abincin waje ko sau biyu ne, manyan yara maza su riƙe ƙannensu, ita ma ta zauna a Totil a zuba mata jabana tana kallon gari. Haka tsofaffi: matakalar dutse ba ta kowace gwiwa ba ce, a nema wa Kaka rumfa ta ƙasa-ƙasa.

Lafiya uwar jiki

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Afrilu zafin Kasala kan haura digiri 40. Ruwan sha shi ne abin tsoro na farko, domin kwalarar da aka ayyana a Agustan 2024 ta yi ƙarfi a jihohin Kasala da Gadarif. A tafi da jarkar ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kulorin, a wanke 'ya'yan itace, a riƙe gishirin zawo. Ko ruwan Totil ɗin, a bar wa manya su ɗanɗana don al'ada, jariri ba ruwansa da karin magana. Sauro ma na nan. Kasala ta sha fama da zazzaɓin cikungunya a 2018, wanda mutane suka laƙaba wa kankasha, ga dengi da maleriya. Gidan sauro ba ya da nauyi a jaka.

Wanda bai samu zuwa ba

Ba kowane gida ne zai iya Kasala ba, kuma ba abin kunya ba ne. A ƙofar gida akwai tafkin da madatsun Rumaila a kan Atbara da Burdana a kan Sitit suka tara, aikin da aka buɗe a 2017 mai ƙarfin megawat 320. Iyalai kan yi rihlar yini guda a bakin ruwa, da tabarma da gawayi, a sayi kifi hannun masunta, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne, a soya nan take. Sharaɗi biyu ne. Kada a bar yaro ya shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba, kuma a tashi kafin magariba. Ƙudan da ke kawo kala'azar ya fi yawa a irin wannan ƙasa mai tsagewa, wajen itatuwan aduwa da ɗalha, kuma daga faɗuwar rana yake cizo. Jihar Gadarif na cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya, kwanan daji a bakin kogi ba shaƙatawa ba ne.

Masaukin da ke cikin bidiyon zai ci gaba da yawo a wayoyi, yara kuma za su ci gaba da tambaya. Amsar da uba zai iya bayarwa ba tare da ya yi ƙarya ko ya ci bashi ba ita ce: idan Allah Ya kai mu ƙarshen girbi lafiya, aka biya mai shail, hanya kuma ta yi kyau, ranar Alhamis a haɗa kaya, Juma'a da asuba a tsaya bakin kwalta a Shuwak. Kafin nan, wanda bai da raƙam waɗani ko ƙasima ya fara da nemansu, domin wannan aikin ya fi tafiyar kanta cin lokaci.